TAƘAITACCEN TARIHIN IKKILISIYAR KERUBIM DA SERAFIM DA YADDA TA KAFU A TSAKANINMU

Jawabin Kwamitin Tarihi a bikin cikar ikkilisiya shekara 50



Dattawa sun ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya ba da tarihin ikkilisiyarmu a wannan rana ta farin ciki. Da muka zauna sai muka ga ba shi yiwuwa mu fara labari daga ranar da aka sa tubalin wannan majami'a, gama kafin a sa tubalin nan akwai waɗanda suka sha wahala shekaru masu yawa a wata ƙasa, da wani harshe. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan matsa mana. Yaranmu suna zuwa makaranta ana tambayarsu, don me kuke sa farar riga, don me kuke tuɓe takalma a ƙofar gidan addu'a, wane ne ya kafa ku? Da yawansu ba su da amsa, sai su sunkuyar da kai. Saboda su muke roƙo ku yi haƙuri da mu, za mu ɗauko zancen daga nesa.

ANNOBA DA MASU ADDU'A

A ƙarshen shekara ta 1918, sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya yake ƙarewa, annobar mura ta shigo ƙasar nan ta bakin teku, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi, ta hallaka mutane dubbai. Asibitoci kaɗan ne a lokacin, maganin Bature bai yi kome ba, na gargajiya ma haka. A wurare da dama aka rufe majami'u don kada cutar ta yaɗu. A garin Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarabawa, waɗansu 'yan ikkilisiyar Anglikan suka riƙa taruwa suna addu'a a ƙarƙashin wani dattijo maƙerin zinariya mai suna Joseph Sadare, tare da wata malamar makaranta, Sophia Odunlami. Abin da suka riƙe shi ne, Allah da ya warkar a zamanin Manzanni bai daina warkarwa ba.

Daga irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne sunan nan Aladura ya fito. Da Yarabanci ma'anarsa mai addu'a, kuma duk wanda ya kasa kunne da kyau zai ji kalmarmu ta addu'a a cikinsa, gama mu da su duka daga Larabci muka aro ta. Gidan Aladura babba ne. Akwai ikkilisiyar CAC wadda ta sami ƙarfi daga babbar farkawa ta Joseph Ayo Babalola a Ilesa a 1930, akwai ta Josiah Ositelu wadda ita ma ta fara a 1930, akwai ta Celestial wadda Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947. Mutanen waje sukan tara mu duka su kira mu masu farar riga, ko da yake 'yan CAC ba su sa ta. Kowace da nata tarihi. Namu shi ne na Kerubim da Serafim.

BABA ALADURA

An haifi Moses Orimolade Tunolase a garin Ikare, a Jihar Ondo ta yanzu, wajen 1879. Ɗan gidan sarauta ne, amma gurgu ne, tafiya takan yi masa wuya. Bai yi makarantar boko ba. Duk da haka waɗanda suka ji wa'azinsa sun shaida yana kawo ayoyin Littafi Mai Tsarki da ka, yana kuma da baiwar waƙa. Akwai labarai masu yawa na al'ajabi da ake bayarwa game da haihuwarsa da ƙuruciyarsa, tsofaffinmu sukan faɗe su da daɗin baki. Mu dai a ganinmu babban al'ajabin shi ne wanda ba mai gardama a kansa, watau gurgu marar takardar makaranta, marar albashi, wanda ba wata mishan a bayansa, ya tashi wajen 1916 ya yi shekara da shekaru yana yawo gari gari yana wa'azi. Ya ratsa ƙasar Akoko da Kabba, ya kai Ilori, labarin da aka gada a ikkilisiya ma ya ce ya taka ƙasar Hausa da Barno. Abin lura a nan shi ne, a duk wannan yawo bai kafa ikkilisiya tasa ba. In mutane suka tuba, sai ya miƙa su ga ikkilisiyar da take garin, ko ta Anglikan ce ko wata, ya ɗauki sandarsa ya yi gaba.

Ya isa Legas a watan Yuli 1924, ya sauka a harabar majami'ar Anglikan ta Holy Trinity a Ebute Ero. Zamansa a can bai yi tsawo ba, gama shugaban majami'ar bai gamsu da irin addu'arsa ba. A shekarun nan kuwa wata annoba, wadda ɓeraye suke yaɗawa, tana ta ɗibar mutane a Legas, sai jama'a suka riƙa neman wannan gurgu mai addu'a, suna ce da shi Baba Aladura. An shaide shi da cewa ba ya karɓar kuɗi a kan addu'a. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

A watan Yuni 1925 wata budurwa 'yar shekara 17, Christiana Abiodun Akinsowon, 'yar Anglikan, ta tafi kallon jerin gwanon da 'yan Katolika suke yi na idin Jikin Kristi a Legas. Ta ce ta ga mala'ika a wurin, kuma ya biyo ta gida. Ta faɗi kamar sumamma, ta yi kwanaki ba ta cikin hayyacinta. Masu riƙonta suka rasa yadda za su yi, suka aika aka kira Baba Orimolade. Ya yi addu'a, ta farka, ta ba da labarin abin da aka nuna mata. Gida ya cika da masu zuwa ji, aka riƙa taron addu'a kowace yamma, daga nan ƙungiya ta tsiro. A watan Satumba na wannan shekara aka sa mata suna Serafim, bisa ga talikan nan da annabi Ishaya ya gani a sura 6, daga baya aka ƙara Kerubim. Suka ɗauki Mika'ilu shugaban mala'iku a matsayin sarkin yaƙinsu, shi ya sa ranar 29 ga Satumba take da girma a wurinmu. Farar riga kuwa daga Wahayin Yahaya sura 7 aka ɗauko ta, tuɓe takalma daga Fitowa sura 3, shafa wa marar lafiya mai daga wasiƙar Yakubu sura 5. Yara, ku rubuta waɗannan surori a bayan littafinku, su ne amsar da za ku bayar.

Da fari ƙungiyar ba ikkilisiya ba ce. Kowa yakan tafi tasa majami'a da safen Lahadi, da yamma a haɗu a yi addu'a. Amma da Kaftin Abiodun, kamar yadda aka riƙa kiranta, ta fita da matasa a 1927 zuwa Abeokuta da Ibadan da Ijebu da Ondo, mutane suna ta kawo layu da gumaka ana ƙonewa, sai shugabannin ikkilisiyoyin mishan suka tsorata. Aka fara tilasta wa mutane su zaɓi ɗaya. Da haka ƙungiyar addu'a ta zama ikkilisiya mai zaman kanta.

TSAGEWAR BANGO

Yanzu mun zo wurin da ba shi da daɗin faɗi a ranar biki, amma tarihin da aka cire masa ɗaci ya zama kirari. Shekara huɗu kacal bayan farawa, watau a 1929, Baba Orimolade da Kaftin Abiodun suka rabu. Matasa sun kewaye ita, manyan masu addu'a sun kewaye shi, masu kai gulma suna zirga-zirga a tsakani, har magana ta kai gaban 'yan sanda. A ƙarƙashin rigimar akwai tambayoyi biyu, wane ne ainihin wanda ya kafa ƙungiyar, kuma ko mace, budurwa ma, za ta iya shugabantar maza. Ita ta riƙe ɓangarenta da sunan Cherubim and Seraphim Society, nasa kuwa aka yi masa rajista a 1930 da sunan Eternal Sacred Order of Cherubim and Seraphim. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 1930 ƙungiyar masu addu'a ta Ezekiel Davies ta ware, a 1931 rassan ƙasar yamma suka kafa nasu taro, a 1932 Manjo A. B. Lawrence ya fita da nasa mutane. Baba ya rasu a Ojokoro, kusa da Legas, ran 19 ga Oktoba 1933, ya bar gida a rarrabe.

An yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 1986 aka naɗa Kaftin Abiodun Emanuel, wadda a lokacin ta kusa shekara 80, shugabar haɗaɗɗiyar ikkilisiya, ta riƙe har rasuwarta a 1994. Wannan ya share mata hawaye, amma bai mai da kowa gida ɗaya ba. Wanda yake so ya bi labarin dalla-dalla sai ya nemi littafin da J. A. Omoyajowo ya wallafa a 1982. Mu dai da muka bi rabe-raben nan ɗaya ɗaya, da wuya muka sami wadda aka yi a kan koyarwar Littafi Mai Tsarki. Kusan dukansu a kan kujera ne, da laƙabi, da wanda zai riƙe sanda.

YADDA AIKIN YA HAU AREWA

Ba mishan ce ta kawo Kerubim da Serafim Arewa ba, jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, a ƙarshen shekarun 1920 Kafanchan ta zama mahaɗar jirage, ga kuma haƙar kuza a Jos. Akawuna, da direbobi, da kafintoci, da masu ɗinki, da 'yan kasuwa daga kudu suka biyo aiki. Turawan mulki ba su cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a cikin biranen sarakuna ba, baƙi kuwa aka keɓe musu unguwannin Sabon Gari. A nan ne waɗannan ma'aikata suka riƙa buɗe gidajen addu'a, sau da yawa a ɗakin haya. In aka yi wa mutum canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Minna, sai ya naɗe farar rigarsa da ƙararrawarsa a akwati, wata guda bai cika ba an sami sabon reshe.

Rassan Arewa sun ga rigimar da ake yi a Legas, ba su so a ja su ciki. Saboda haka wajen 1941 suka haɗa kansu suka zama taro guda, wanda daga baya aka san shi da Cherubim and Seraphim Movement Church, Kaduna kuwa ta zama mazaunin shugabancinsa shekaru masu yawa. Ya kamata mu riƙa tunawa da wannan, cewa babban reshe guda na wannan itace a Arewa ya yi saiwa, daga nan ya koma kudu har ya haye teku. Baba Aladura Samuel Abidoye, wanda ya shugabance shi har rasuwarsa a 2023 yana da shekara 103, da yawa a cikinmu sun gan shi da idonsu.

Amma a faɗi gaskiya, shekaru masu yawa aikin yana Arewa ne da ƙafa, bakinsa kuwa yana kudu. Waƙa da Yarabanci, wa'azi da Yarabanci, wahayi ma da Yarabanci. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan ta SIM da SUM sun daɗe suna sujada da Hausa, amma a gidajen addu'armu mutumin Kagoro ko na Pankshin ko Bamaguje yakan zo da marar lafiyarsa a yi masa addu'a, ya sami sauƙi, ya yi godiya, ya tafi, domin bai ji abin da ake faɗi ba.

MU A NAN

Wannan rata ce ta haifi ikkilisiyarmu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairu 1970, Kaduna ta cika da tsofaffin sojoji da masu neman aiki a masaƙun Kakuri. Waɗansunsu sun sadu da masu farar riga a fagen yaƙi, waɗansu a gadon ciwo. Suka riƙa zuwa uwar ikkilisiya a cikin gari suna zama a bencin baya, wani ɗan'uwa ma'aikacin jirgin ƙasa, Bayarabe haifaffen Zariya, yana raɗa musu fassara. Da suka yi yawa sai raɗar ta fara damun masu sujada. Dattawan uwar ikkilisiya, Allah ya sāka musu, ba su kore su ba, ba su kuma ce su koyi Yarabanci ba. Suka ba su izini su riƙa taron addu'a da Hausa a tsakiyar mako, a zauren wata gwauruwa mai tuyar ƙosai, wadda ta riƙa kwashe kaskonta da itacenta kowace Laraba domin a shimfiɗa tabarmi. Sunanta da na sauran iyayenmu na farko suna rubuce a shafin tunawa na wannan littafi.

A 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Mutane da yawa a garin nan sun sayi rediyo da babur, waɗansu suka ƙara aure. Iyayenmu suka kawo rabo daga nasu aka sayi kwano da katako, mata suka ɗebo ruwa daga rafi, maza suka buga tubalin laka bayan an tashi daga aiki. Manzanni suka zo daga uwar ikkilisiya da albarkarsu suka keɓe wurin. Muna jaddada wannan domin a sani, mu ba da faɗa muka fito ba, sallamarmu aka yi. Ga shi kuwa lissafi ya faɗi daidai, a 2025 uwar ƙungiya ta cika shekara 100, mu kuma 50.

Aikin da ya fi cin lokaci a shekarun farko shi ne na harshe. Aka zauna dare da dare ana juya waƙoƙin Serafim zuwa Hausa, abin da ba shi da sauƙi, gama waƙar da ta zauna daram da Yarabanci in aka sa mata kalmomin Hausa sai ta yi ɗingishi. Waɗansu aka bar su, mawaƙanmu suka tsara sababbi da kiɗan ganga da kacau-kacau irin na gida. Da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1979 ta fito, tsofaffi suka ce su dai tsohuwar suka haddace, matasa suka ce sabuwar ta fi sauƙin ji. Aka daɗe ana karanta Zabura da tsohuwa, wa'azi da sabuwa. Shigar ikkilisiyoyin Aladura cikin Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976, ta taimaka ƙwarai wajen rage kallon da ake yi mana, ko da yake har wa yau akan sami wanda zai ƙi ba ɗanmu 'yarsa saboda farar riga.

Ba za mu daɗe a kan kwanakin wuta ba, waɗanda suka gan su suna zaune a nan. Rikicin da ya tashi daga Kafanchan a Maris 1987 ya iso Kaduna. Na Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 suka raba garin nan biyu, kogi a tsakani, iyalai da yawa suka bar gidajen da suka gina suka ƙauro kudancin gari. Mun binne 'yan'uwa. Muna kuma da iyalai a cikinmu waɗanda maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗaka har ƙura ta lafa, wannan ma tarihi ne, a rubuta shi. Ba a gama farfaɗowa ba sai masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, magidanta suka zauna ba albashi, baiko ya ragu har aka dakatar da ginin wannan majami'a yana daidai taga. Zumuntar Mata ce ta ɗauke shi da adashi da noman gyaɗa har aka kai ga rufi. A 2020 kuma annobar korona ta sa aka rufe majami'u, muka koma addu'a a gidaje kamar mutanen Ijebu-Ode a 1918.

ABIN DA YAKE GABANMU

Kwamiti ya ga bai kamata ya sauka ba tare da ya taɓa waɗansu al'amura ba, iyayenmu su gafarce mu in mun taka wani.

Na farko shi ne wahayi. Baiwa ce da aka san gidanmu da ita, ba kuwa za mu ji kunyarta ba. Amma Manzo Bulus a 1 Korantiyawa sura 14 ya umarta a auna abin da annabawa suka faɗa, Yahaya ma a wasiƙarsa ta fari sura 4 ya ce a gwada ruhohi. A garin nan an ga auren da ya mutu, an ga tsohuwar da jikokinta suka guje ta, domin wani ya tashi a taro ya ce an nuna masa ita ce mayya. Tsarin da iyayenmu suka kafa tun a zaure shi ne, wahayin da ya ambaci sunan mutum ba a faɗinsa a bainar jama'a, sai a gaban dattawa, a rubuta shi, a gwada shi da Maganar Allah. Muna roƙo a komo da littafin nan na rubuta wahayi, gama ya kwana biyu ba a buɗe shi ba. Haka kuma wanda aka yi wa addu'a kada a hana shi zuwa asibiti. Muna da 'ya'ya likitoci da ma'aikatan jinya a wannan ikkilisiya, da kuɗin baikonmu aka taimaki waɗansunsu suka yi karatu.

Sai maganar kuɗi, wadda muka ce za mu komo kanta. Baba Orimolade bai sayar da addu'a ba. Yau akwai masu sa farar riga su kafa rumfa a bayan gari, su sa wa kyandir da ruwa da turare farashi kamar a kasuwa, sunanmu kuwa suke ɓatawa. Duk wanda ya roƙe ku kuɗi da sunan wannan ikkilisiya kafin ya yi muku addu'a, ku kawo maganarsa wurin dattawa.

Harshe ma ya sāke zama tambaya. Iyayenmu sun fito domin ba su jin Yarabanci, yanzu jikokinsu ne suke zama a bencin baya suna raɗa wa juna da Turanci, waɗansu ma sun koma sababbin ikkilisiyoyi na cikin gari. Majalisar dattawa tana duba shawarar a ba matasa sujada tasu da sassafe, a bar babbar sujada da Hausa. Ra'ayin kwamiti shi ne a yi musu yadda uwar ikkilisiya ta yi mana, a ba su wuri da albarka tun ba su nema da fushi ba, tare da sharaɗin makarantar Lahadi ta ci gaba da koya wa yara karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Daga cikin waɗanda suka yi sujada a zauren nan na farko, kaɗan ne suka rage, ga su nan a layin gaba, waɗansu an riƙo hannunsu ne aka kawo su. Yawancin abin da muka faɗa game da shekarun farko daga bakinsu muka ji, gama littafin minti na farko ya ƙone a 2000. Saboda haka kwamiti zai ci gaba da zama kowace Asabar da yamma har ƙarshen shekara, matasa za su bi gidajen tsofaffi da waya su ɗauki muryarsu. Wanda yake da tsohon hoto, ko katin baftisma, ko littafin waƙoƙi da aka rubuta da hannu, ya kawo wa magatakarda a ofishin ikkilisiya. Za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa a ranar.